Katin Bashi Mai Gyara: Ki Yi Lissafi Kafin Ki Sa Hannu



Uwargida, ai kin san gyara. Idan kin auni gero a kasuwa mai awo yakan ƙara miki ɗan tafi guda don ki dawo gobe, kuma kin san ba asara ya yi ba, ya riga ya fid da ita a cikin farashi. To, yau ma maganar wata gyara za mu yi, wadda bankuna ke yi wa masu yawan tafiya fatauci. Ko ke ce mai zuwa Dubai da Jidda da Alƙahira da Guangzhou sarin gwal da abaya da kayan ɗaki, ko kuwa maigida ne, maganar ta shafe ki, domin in bashi ya shigo gida tukunyarki ce za ta fara ji.

Da farko mu bambance. Katin da yawancinmu ke riƙe da shi na cirar kuɗi ne, watau abin da kika ajiye shi kike ɗiba. Katin bashi kuwa banki ne ke biya miki, ke kuma ki biya shi a ƙarshen wata. Amurka ce mahaifarsa. Can aka fito da Diners Club a 1950, sai American Express da BankAmericard a 1958, wanda aka sake wa suna Visa a 1976. A 1981 kamfanin jirgin sama na American Airlines ya fara bai wa fasinjojinsa maki gwargwadon nisan tafiyarsu, daga baya bankuna suka haɗa kai da kamfanonin jirage, ya zama duk abin da mutum ya saya da katin ana rubuta masa maki. In makin ya taru sai ya karɓi tikiti, ko kwanan otal, ko a mayar masa da ɗan kuɗi.

Daga ina gyarar take fitowa? Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Mai kanti yana biyan banki wani kaso a kan kowane ciniki, mai kati yana biyan kuɗin shekara, wanda ya makara kuma yana biyan kuɗin ruwa. Gyarar kanta ba ta cika wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, amma a Amurka kuɗin ruwan katin bashi ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara a 2023 da 2024.

Saboda haka kafin ki sa hannu, ki duba abu huɗu.

Na ɗaya, kuɗin shekara. Akwai katin da ba a biyan kome, akwai na ɗaruruwan daloli. Mai tsadar yakan zo da izinin shiga ɗakin hutawa na filin jirgi da inshorar kaya, amma in sau biyu kike tafiya a shekara, kin sayi abin da ba ki ci ba.

Na biyu, kuɗin canji. Katuna da yawa suna cire wajen kashi 3 cikin 100 a kan duk abin da aka saya a ƙasar waje. Ki nemi wanda ba ya cirewa. Haka kuma in mai kanti ya tambaye ki da wane kuɗi za a caje ki, ki zaɓi na ƙasar da kike, domin canjin na'urarsa ya fi tsada.

Na uku, hanyar da kike bi. Makin jirgin da ba ki shiga ba shi da amfani gare ki. Ethiopian Airlines da EgyptAir da Turkish Airlines suna cikin ƙawance ɗaya mai suna Star Alliance, ana iya tara maki a ɗaya a ci moriyarsa a ɗaya. Ki tambayi yaushe makin ke mutuwa, domin na wasu kamfanoni ba ya wuce shekara uku, kuma tikitin da ake kira kyauta sai an biya harajinsa.

Na huɗu, ina ake karɓar katin? An fi karɓar Visa da Mastercard a kan American Express, kuma 'yan sari da yawa a kasuwanni tsabar kuɗi suke so, ko a tura musu ta waya. Ki tuna a 2022 bankunanmu da dama sun dakatar da amfani da katin naira a waje, sai a 2025 wasu suka dawo da shi, da iyaka. Ki tambayi bankinki kafin ki tashi, kada a bar ki tsaye a bakin otal.

'Yan makaranta, ga lissafi, ku ɗauko alƙalami. A ce Hajiya ta kashe dala 10,000 a shekara da kati mai gyarar kashi 2. Ta sami dala 200. A cire kuɗin shekara dala 100, saura 100. In katin na cire kashi 3 na canji, dala 300 ke nan, ta koma da asarar 200. In kuma kaya sun yi kwantai ta bar bashin dala 2,000 shekara guda a kan kashi 20, ga wata dala 400 ta tafi. Kun ga garin neman gira an rasa ido.

Sa'an nan ga maganar riba, wadda ba za a tsallake ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin bashi mai sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mutum na da niyyar biya a kan lokaci. Bankunan Musulunci a Saudiyya da Dubai da Maleshiya suna da nasu katunan da aka tsara don kauce wa riba. Ki karanta sharuɗɗa, ki kai wa malami ya duba.

Abin daɗin shi ne, ba sai da bashi ake tara maki ba. Rajista da ShebaMiles na Ethiopian Airlines ko Skywards na Emirates kyauta ce. Ki riƙa ba da lambarki duk sa'ad da za ki yanki tikiti, ki biya da kuɗinki.

In kuwa har an karɓi katin, a ware shi don kasuwanci kaɗai, ban da anko, ban da gudummawar biki, a kuma biya duka a ƙarshen wata. Wadda ta san ba za ta iya haka ba, ta bar musu gyararsu ta riƙe jarinta.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya raba mu da nauyin bashi. Sai mun sake saduwa.