Alƙalin Da Ke Tsaye A Tsakiyar Harbi

Daga cikin sana'o'in da wadata da yawan hutu suka haifar a ƙasashen Amurka da Turai, akwai wata wadda idan aka kwatanta wa wanda bai taɓa ganinta ba zai ɗauka ba'a ake yi masa, watau a ɗauki mutum a biya shi lada domin ya wuni tsaye tsakanin ƙungiya biyu masu harbin juna, babu bindiga a hannunsa, abin da ya riƙe duka bai wuce usur da tsumma ba, sa'an nan a ce shi ne mai hukunci a kansu baki ɗaya. Wannan shi ne alƙalin wasan harbin fenti, wanda masu shi ke kira fentibol. Kowane ɗan wasa yana ɗauke da wata irin bindiga mai aiki da matsattsiyar iska, harsashinta kuwa ɗan ƙwallo ne mai ruwan launi a ciki, wanda in ya sami mutum yakan fashe ya bar tabo, duk wanda tabon ya bayyana a jikinsa kuwa ya fita ke nan, sai wani zagayen.

Asalin bindigar ba don wasa aka ƙera ta ba. Wani kamfanin fenti na Amurka mai suna Nelson ne ya fito da dabarar tun cikin shekarun 1960, domin ma'aikatan gandun daji su riƙa yi wa itatuwan da za a sare alama daga nesa, masu kiwo kuma su yi wa shanu shaida ba tare da sun sauka daga kan doki ba. Sai a watan Yuni na 1981, a jihar New Hampshire, marubuci Charles Gaines da abokansa Hayes Noel da Bob Gurnsey suka tara mutum 12 a daji suka gwada ta a kan junansu, don su raba wata gardama da suka daɗe suna yi, ko ɗan birni mai kaifin basira zai iya tsira a daji kamar wanda ya tashi a cikinsa. Wanda ya ci, Ritchie White, ma'aikacin daji ne, kuma ya tattara duka tutocin da ake gasar tarawa bai yi harbi ko ɗaya ba. Waɗannan abokan juna ne da baƙinsu, kowa na jin nauyin kowa. Amma da abin ya zama ciniki daga 1982, aka buɗe filaye inda baƙin ido ke biyan kuɗi su harbi baƙin ido, sai ya zama ala tilas a sami wanda zai tsaya a tsakani.

Wanda yake son fahimtar aikin wannan alƙali, lalle ya fara da sanin ƙwallon kansa. Faɗinsa kimanin milimita 17 ne, nauyinsa wajen giram 3, ɓawonsa na jalatin ne irin wanda ake yin kafson magani da shi, ruwan da ke ciki kuwa yana fita da wanki. Haddin gudun da aka yi ittifaƙi a kai shi ne ƙafa 300 a cikin sakan ɗaya, watau mita 90 da 'yan kai, abin da ya haura kilomita 300 a awa, filaye da yawa ma sukan rage zuwa ƙafa 280 don ihtiyaɗi. In ya sami cinya ko baya, iyakarsa zafi da kwanciyar jini na 'yan kwanaki. Ido kuwa hukuncinsa daban ne, domin ko da yake Allah cikin hikimarsa ya kewaye shi da ƙashin gira da na kunci, har ya zama babban abu kamar ƙwallon ƙafa in ya bugi fuska waɗannan ƙasusuwa ne ke tare mafi yawan ƙarfinsa, shi wannan ɗan ƙwallo ya fi ramin ido ƙanƙanta, saboda haka yana wuce ƙashin ya sauke ƙarfinsa duka a kan ƙwayar, daga nan sai jini ya taru a gaban idon, ko fatar gani ta can ciki ta saɓule, ko ƙwayar ta fashe ɗungum. Wani likitan yara a Amurka, David Listman, ya buga bincike a mujallar Pediatrics a 2004 inda ya nuna cewa raunin ido na wannan wasa da aka kai asibitocin gaggawa na ƙasar ya tashi daga kimanin 545 a 1998 zuwa fiye da 1,200 a 2000, sama da kashi 40 cikin 100 yara ne, galibinsu kuwa sun sami raunin ne a bayan gidaje da dazuzzuka inda babu mai sa ido, fuska a buɗe.

Saboda wannan ne ni a ganina wajibin alƙalin na farko tsare idanun jama'a ne, rarrabe wanda ya ci da wanda aka ci kuwa yana biyo baya da nisa. Da safe, kafin a ba kowa bindiga, shi ne ke tara mutane ya karanta musu sharuɗɗa, mafi girmansu kuwa shi ne kada wanda ya kuskura ya ɗaga garkuwar fuskarsa muddin yana cikin fili, ko an harbe shi, ko an busa usur, ko ƙura ta shiga masa. Kowa yakan gyaɗa kai, amma alƙali ya san abin da zai biyo baya. Mutum ya yi gudu ya yi gumi, numfashinsa ya hau gilashin garkuwar ya zama hazo, musamman da yake garkuwar haya sau da yawa mai gilashi ɗaya ce, ba irin mai ninki biyu da ke hana hazo ba. Ko kuwa ƙwallo ya fashe a kan gilashin ya rufe masa gani, sai hannunsa ya tafi ga fuska tun kafin hankalinsa ya yi shawara. Ba taurin kai ke sa yawancinsu ba, ɗabi'a ce ta ɗan Adam, kuma ita alƙali ke fako. In ya ga garkuwa ta ɗagu ko ta faɗi, sai ya kwarma ihu a tsai da wuta, ya ruga ya faɗa kan mutumin ya rufe masa fuska da jikinsa, ya karɓi duk abin da ke tafe a iska a gadon bayansa.

Mafi hatsarin wuri kuwa, abin mamaki, shi ne inda ake hutawa a bayan ragar da ta kange fili, domin can ne fuskoki ke buɗe alhali bindigogi na hannu. Don haka alƙali ke tsayawa a bakin ƙofa, ba mai fita sai ya ga ya sa wa bakin bindigarsa 'yar jaka mai igiya wadda ke tare ƙwallo in yatsa ya taɓa kunama bisa kuskure. Haka nan kuma shi ke riƙe da ma'aunin gudu, kowace bindiga sai an harba ta a kansa an ga lamba kafin ta shiga. Awo ɗaya da safe bai wadatar ba, musamman ga bindigar da ke aiki da iskar kabon, domin ƙarfin wannan iska yana ƙaruwa da zafin rana, bindigar da ta yi daidai da hantsi tana iya ƙetare haddi da azahar ba tare da mai ita ya taɓa kome ba. Akwai kuma wanda zai taɓa ɗin, ya murɗa kusa a ɓoye bayan an auna. A Jamus hukuma ce ma ta shiga maganar, ta ƙayyade ƙarfin bindigar ƙasa da abin da aka saba a Amurka, ta kuma hana wanda bai kai shekara 18 ba.

To, sai mas'alar hukunci, wadda a nan ne aikin ya fi kama da alƙalanci na haƙiƙa. Ƙa'idar a baki mai sauƙi ce: ƙwallon da ya sami mutum ya fashe ya fitar da shi, wanda ya buge shi ya yi tsalle bai fashe ba kuwa ba a lissafa shi. Amma shubuha tana da yawa. Ƙwallo yakan fashe a jikin itace ya fantsamo wa wanda ke bayansa, mutum yakan jingina da maɓoya ya kwaso tsohon fenti, saboda haka filaye da yawa suka sa sharaɗin cewa sai tabon ya kai girman kwabon Amurka da ake kira kwata, kimanin milimita 24. Ɗan wasan da ya ji an taɓa shi a inda ba ya gani yana da ikon kiran alƙali ya duba shi, shi kuwa sai ya kutsa cikin ruwan harbi ya jujjuya shi, ya nemi ɓurɓushin ɓawo, ya dubi yadda launin ya bazu, ya yanke cikin ƙiftawar ido. In fantsama ce ya goge da tsummansa ya ce a ci gaba. Sai dai fa alƙali ɗaya ko biyu ba za su ga kome da kome a daji mai mutum arba'in ba, don haka mafi yawan hukuncin wannan wasa a kan iƙirari yake tafiya, wanda aka harba shi da kansa ke ɗaga hannu ya fita. Babban zunubi a wurinsu shi ne mutum ya goge tabo a ɓoye, ko ya yi zamiya a ƙasa da gangan don ciyawa ta share masa, kuma filin da aka bar irin wannan ya yawaita, 'yan wasan kirki sukan ƙaurace masa.

A manyan gasa, kamar waɗanda ƙungiyar NXL ke shiryawa a Amurka, ana yin biyar da biyar ne a fili mai tsawon ƙafa 150 da faɗin 120, kowace bindiga an ƙayyade mata kimanin ƙwallo 10 a sakan, watau idan wuta ta kama sosai ƙwallo wajen 100 ke yawo a iska cikin sakan ɗaya, alƙalai na tsugune a gefe da tsakiya. Horon da suke yi yana da ban sha'awa: wanda ya ci gaba da harbi alhali an same shi, ba shi kaɗai ake fitarwa ba, har da abokin wasansa guda, in laifin ya yi nauyi a haɗa da biyu. Wani zai ce ɗora wa mutum laifin wani zalunci ne, ni kuwa ina ganin daidai ne a nan, domin wanda ya riga ya mutu a wasan, fitar da shi ba horo ba ne, kuma ribar ha'incinsa ƙungiyar ce ta ci.

Galibin alƙalan filayen haya kuwa ba su san wannan ɗaukaka ba. Samari ne, da yawansu 'yan makaranta, masu aikin Asabar da Lahadi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su ne masu wanke garkuwa, da cika tukwanen iska, da warware bindigar da ƙwallo ya fashe mata a ciki. Yaro ɗan shekara 17 shi zai dubi magidanci sa'an mahaifinsa, wanda ya zo da ma'aikatan ofishinsa, ya ce masa ya fita domin ya yi ta zuba wa wani harbi bayan ya ɗaga hannu, kuma ya faɗa da ladabin da ba zai sa mai fili ya yi asarar ciniki ba. Shi ne kuma zai lura da ƙwararrun da suka zo da bindigoginsu masu tsada, ya raba su da yaran da suka zo walimar ranar haihuwa, don kada a mai da na baya abin farauta.

Yanzu wasan ya iso Legas da Abuja, rana kuwa a nan ta fi ta New Hampshire zafi nesa ba kusa ba, abin da ke nufin hazon gilashi da hauhawar ƙarfin iska duka sun fi tsanani. Duk wanda zai kai 'ya'yansa irin wannan wuri, kafin ya tambayi kuɗin shiga, ya nemi a nuna masa ma'aunin gudu da jakunkunan bakin bindiga, ya kuma tambayi alƙali nawa ke shiga fili tare da yaran. In an rasa ɗaya daga cikin ukun nan, ya kama hannun 'ya'yansa su koma gida.