AIKIN TUƘIN JIRGIN SAMA: HANYOYINSA UKU DA ABIN DA AKE SAMU A KOWACCE

Duk wanda ya bi hanyar Jos zuwa Barikin Ladi zai wuce ta Heipang, inda Filin Jirgin Sama na Yakubu Gowon yake. Yara da yawa na wannan yanki sun girma suna kallon jirage suna sauka suna tashi, cikinsu kuwa ba a rasa masu burin wata rana su zauna a kujerar matuƙi. Buri ne mai kyau, ƙasa kuma tana bukatar irin waɗannan samari da 'yan mata. Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Koyon tuƙin jirgi yana cin miliyoyin Naira, akwai kuma iyayen da sukan sayar da gona ko gida domin biyan kuɗin makaranta ba tare da sun san abin da ke gaba ba. Saboda haka aka shirya wannan bayani, domin jama'a su san matakan aikin, da hanyoyinsa, da yadda albashinsa yake, tun kafin su ɗaura niyya.

Taƙaitaccen tarihi

A ranar 1 ga Nuwamba, 1925, jiragen sama uku na mayaƙan Ingila suka sauka a Kano daga Masar. A shekarar 1946 aka kafa kamfanin jiragen sama na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, sa'an nan a 1958 Nijeriya ta sami nata, wanda aka sani da Nigeria Airways. A farkon lamari kusan dukan matuƙa Turawa ne. Domin a sami 'yan ƙasa a wannan aiki, a shekarar 1964 gwamnati ta kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita ce yau ake kira Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Nijeriya. A nan Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a ƙasar nan, ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. Gwamnatin Jihar Kwara ita ma ta buɗe wata kwaleji irin wannan a Ilori.

Matakan da ake bi

Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Nijeriya, wato NCAA, ita kaɗai ke ba da lasin tuƙi, tana kuwa bin ƙa'idodin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya. Mai son shiga kwaleji sai ya ci jarrabawar sakandare da kyau, musamman Turanci, da Lissafi, da Fiziks. Kafin kome kuma, sai likitan da hukuma ta amince da shi ya gwada idonsa, da kunnensa, da zuciyarsa. Wanda ba ya iya bambanta launuka, alal misali, yana iya faɗuwa tun daga nan. Don haka muna ba iyaye shawara su fara da gwajin likita kafin su biya ko da kwabo ɗaya.

Lasin kansa hawa-hawa ne. Na farko shi ne na tuƙi don kai, wanda ake samu daga shekara 17 bayan tashi na awa 40. Mai shi ba ya da izinin karɓar lada. Na biyu shi ne na kasuwanci, daga shekara 18, bayan awa 200, ko 150 ga wanda ya yi cikakken kwas a makarantar da aka amince da ita. Na uku, wanda shi ne ƙololuwa, sai mutum ya kai shekara 21 ya kuma tara awa 1,500. Da shi ne ake zama kyaftin a babban jirgin fasinja. Ban da waɗannan, akwai shaidar tuƙi da na'ura kaɗai cikin gajimare ko hazo, da shaidar tuƙa jirgi mai inji biyu. Bugu da ƙari, kowane irin babban jirgi yana da tasa shaidar ta daban. Wanda ya ƙware a Boeing 737 ba zai hau Embraer ya tuƙa ba sai ya sake horo.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Yaro yakan fito daga makaranta da awa 200 ko ƙasa da haka, alhali kamfanoni sun fi son mai ƙwarewa. Shaidar irin jirgi kuwa sau da yawa sai an je ƙasar waje an biya da Dala. Wannan gibi shi ne ya sa ake samun matasa masu lasin a hannu suna zaune gida ba aiki. Waɗansu sukan cike shi ta hanyar zama malaman tuƙi a kwaleji, suna koyarwa suna tara awoyi.

Hanya ta farko: kamfanonin fasinja

Waɗannan su ne masu jadawali tsayayye, kamar Air Peace, da Ibom Air, da Max Air wanda Alhaji Ɗahiru Mangal na Katsina ya kafa. Sabon matuƙi yakan fara ne a matsayin mataimaki, a kujerar dama, da igiya biyu ko uku a kafaɗa. Bayan shekaru, in ya tara awoyi ya ci jarrabawar shugabanci, sai ya koma kujerar hagu da igiya huɗu, ya zama kyaftin.

Abin da yake samu kashi-kashi ne: akwai gundarin albashi na wata, akwai alawus bisa awoyin da ya tashi, akwai kuma kuɗin kwana in aiki ya kwanar da shi a wani gari. Albashin kyaftin sau da yawa yakan ninka na mataimaki, haka kuma babban jirgi mai zuwa ƙasashen waje ya fi ƙarami kawo kuɗi. Amfanin wannan hanya shi ne awoyi suna taruwa da sauri, mutum kuma yana sanin ranakun aikinsa tun da wuri. Doka ta ƙayyade tashi da kimanin awa 100 a wata da awa 1,000 a shekara, domin gajiya abokiyar haɗari ce.

Amma kada a ɗauka babu faɗuwa. Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, tsofaffin ma'aikatansa kuwa har zuwa 2018 suna jiran sauran haƙƙoƙinsu. Okada, da Bellview, da Chanchangi duk sun yi zamani sun wuce. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, an rufe filayen jirgi na watanni, kamfanoni suka rage albashi, waɗansu kuma suka sallami matuƙa.

Hanya ta biyu: jiragen shata

Shata ita ce mutum, ko ƙungiya, ko gwamnati ta ɗauki jirgi sukutum domin wata tafiya. Mutanen Arewa sun san wannan tun zamanin Kabo Air, wanda marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa a Kano a 1980, ya kuma yi suna wajen jigilar alhazai. Wani babban reshe shi ne na jirage masu saukar ungulu, irin na Bristow da Caverton, masu kai ma'aikatan mai daga Fatakwal da Warri da Legas zuwa rijiyoyin cikin teku. Akwai kuma jiragen ɗaukar marasa lafiya da na kaya.

Matuƙin shata yakan sami ilmin da ba a samu a littafi, domin yau yana nan, gobe yana can, a filayen da ba su da cikakkun na'urori. Jos kanta misali ce. Filin Heipang yana sama da mita 1,200 daga leɓen teku. Iskar irin wannan tudu ba ta da kauri, saboda haka inji ba ya ba da cikakken ƙarfinsa, jirgi kuma yana bukatar doguwar gudu kafin ya ɗaga, musamman da tsakar rana a watannin zafi. Dole matuƙi ya lissafa nauyin mai da kaya da fasinja daidai. Ga hazon hunturu, ga kuma tsawa da guguwar damina.

Kuɗin wannan hanya yana bin kasuwa. A lokacin aikin Hajji ko yaƙin neman zaɓe aiki yakan yi yawa, daga baya ya ja baya. Aikin kamfanonin mai ya fi tsari, domin kwangilarsa mai tsawo ce, ana kuma yin sa ne da karɓa-karɓa, makonni a bakin aiki, makonni a gida.

Hanya ta uku: jiragen manyan kamfanoni da attajirai

Waɗansu bankuna, da manyan 'yan kasuwa, da gwamnatocin jihohi suna da jiragen kansu, irin su Challenger, da Gulfstream, da Hawker. Albashi a nan ba shi da ma'auni ɗaya. Abin da aka yi ciniki a kai shi ne, sau da yawa kuma yana da tsoka, har wani lokaci da kuɗin waje. Sai dai ba a cika ɗaukar sabon shiga ba. Awoyin tashi kaɗan ne, zaman jira kuwa da yawa, ana iya kiran mutum da tsakar dare ko ranar Salla. Matuƙi shi ne mai shirya hanya, da neman izinin sauka, da kula da shan mai. Ranar da mai jirgi ya sayar da jirginsa, aiki ya ƙare.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kiyaye. Na ɗaya, jirgin da ke da izinin amfanin kai ba shi da ikon ɗaukar fasinja don kuɗi. A shekarar 2024 hukumar NCAA ta dakatar da izinin waɗansu masu jirage saboda saɓa wannan doka, matuƙin da ya yarda aka yi da shi kuwa lasinsa ya sa a caca. Na biyu, in yanayi ya ɓaci, hukunci na kyaftin ne, ba na maigida ba, kome girman maigidan. Wanda ba zai iya cewa a'a cikin ladabi ba, wannan aiki bai dace da shi ba.

Abin dubawa kafin sa hannu

Kada yawan adadin albashi ya ruɗe ka. Tambayi da wane kuɗi za a biya ka, domin tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023 bambancin Naira da Dala ya ƙara faɗi. Tambayi wa zai biya kuɗin horon da ake sabuntawa duk wata shida. In kamfani ya biya maka shaidar irin jirgi, zai ɗaure ka da yarjejeniyar shekaru. Karanta ta da kyau, ka nuna wa lauya. Bincika ko akwai fensho, da kuma inshorar rasa lasin, gama ana sabunta gwajin likita aƙalla sau ɗaya a shekara, hawan jini ko ciwon sukari kuwa na iya saukar da mutum daga sama rana ɗaya. Ka kuma tuna cewa a shekara 65 ake barin tuƙin jirgin fasinja na ƙasa da ƙasa. Ƙungiyar Matuƙa da Injiniyoyin Jirgin Sama ta Ƙasa tana nan domin ba da shawara da kare haƙƙin 'ya'yanta.

Wanda iyayensa ba su da hali kada ya yanke ƙauna. Gwamnatocin jihohi sukan ɗauki nauyin ɗalibai lokaci-lokaci, sai a riƙa bibiyar hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Akwai kuma Rundunar Sojan Sama, wadda ke da makarantun sakandare na maza da na mata a Jos, take kuma horar da matuƙanta a Kaduna da Kano. Ban da tuƙi, ana bukatar injiniyoyi, da masu ba jirage hanya, da masana yanayi.

Jama'a, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai wannan niyya ya tafi Zariya ko ofishin NCAA da ƙafarsa ya ji bayani, ya tabbatar makarantar da zai shiga tana da amincewar hukuma, ya kuma guji 'yan damfara masu alkawarin gurbi ko aiki don kuɗi. Allah ya taimaki Nijeriya.