Bayan gobara: abin da toka da ruwa ke ɓoyewa

Iyaye mata da masu faɗakarwa na ƙauyuka, mutuwar wuta ba ta kawo ƙarshen haɗarin gobara. Malaman jami'o'in Amurka sun tabbatar da haka a garuruwan da wutar daji ta cinye.

A watan Nuwamba na 2018 wuta ta ƙone garin Paradise a jihar Kalifoniya, mutum 85 suka rasu. Masu bincike na Jami'ar Purdue, ƙarƙashin Farfesa Andrew Whelton, sun taimaka wa mazauna wajen gwada ruwan famfo, inda aka samu sinadarin benzin mai haddasa kansar jini. Zafi ne ke sa bututun roba ya saki wannan guba. Tafasa irin wannan ruwa ba ya gyara shi, sai dai ya tashi gubar cikin iskar ɗaki.

A watan Agusta na 2023 garin Lahaina na tsibirin Maui ya ƙone, aka samu dalma da arsenik cikin toka. Jami'ar Hawai ta shiga duba lafiyar waɗanda suka tsira, ta gano cewa gidaje da yawa ba sa samun isasshen abinci.

Mu ma a yankunan Tawa, Maraɗi da Damagaram wutar daji na tashi bayan damina, idan ciyawa ta bushe. In ta shiga gida, ku kiyaye waɗannan:

Bidon da ya narke ko ya lanƙwashe da zafi, kada a ƙara zuba ruwan sha a ciki.

Tokar ɗakin da ya ƙone ta haɗu da roba, batir da maganin ƙwari. Kada a tace ta don miya kamar tokar karan gero, kuma kada yara su yi wasa a cikinta. A yayyafa mata ruwa kafin shara.

Hatsin da ya ƙone wuri ɗaya da maganin ƙwari ko taki, a zubar da shi.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai za a ci gaba da ba shi, ko ruwa ba ya buƙata.

Gidan da rumbunsa ya ƙone, masu faɗakarwa su riƙa auna damtsen yaransa ƴan wata 6 zuwa 59. In ma'auni ya nuna rawaya ko ja, ko ƙafafu suka kumbura, ko yaro na numfashi da ƙyar, a kai shi gidan likita a ranar.