Birni, gari, ƙauye: yadda Hausa ke jera garuruwa, da misalin Cadawa

0. Gabatarwa

Kowace shekara ana fitar da jerin manyan biranen duniya, daga wanda ya fi daɗin zama har zuwa wanda ya fi wuya. Wanda aka fi sani shi ne na Economist Intelligence Unit ta Landan, mai auna birane 173 bisa abubuwa 5: kwanciyar hankali, kiwon lafiya, al'adu da muhalli, ilimi, sai hanyoyi da ruwa da wuta. Viyana ce ta zo ta farko a 2022, 2023 da 2024, Kopenhagen ta karɓe ta a 2025. Dimashƙu na can ƙarshe, Legas kuma ta daɗe kusa da ita. Babu Maraɗi ciki, babu Damagaram, babu Kano. Dalili kuwa shi ne asalin wannan awo: an ƙago shi ne domin kamfanoni su san alawus nawa za su ƙara wa ma'aikacin da suka tura baƙuwar ƙasa. Idon baƙo ne mai albashi.

A wannan ɗan rubutu muna son mu nuna cewa Hausa na da nata ma'auni cikin kalmominta, kuma ta raba tambayoyi biyu da ake yawan haɗawa: girman gari daban, daɗin zamansa daban. Za mu ɗauki misalai daga jihar Maraɗi.

1. Kalmomin girman gari

Faransanci na da kalmomi biyu da ke gaba da juna, « ville » da « village ». Mai fassara yakan yi saurin cewa birni da ƙauye. Fassarar ta tsallake kalmar da Bahaushe ya fi amfani da ita, wato gari, wadda ke iya ɗaukar Kano, ta kuma ɗauki wurin da bai wuce gida talatin ba, muddin yana da maigari.

Birni asalinsa ganuwa ne. Har yanzu a Damagaram « Birni » sunan tsohuwar unguwar sarki ne, Zango na gefe, inda ayari ke sauka. Abin da ke sa gari ya zama birni shi ne ganuwa da sarauta. Yawan jama'a bai shiga lissafi ba. Barth, Bajamushen da ya ratsa Tasawa da Gazawa a farkon 1851 kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya ƙiyasta mutanen Katsina 7,000 zuwa 8,000 kawai cikin wata makekiyar ganuwa da galibinta gonaki ne da kufai, alhali ya ba Kano 30,000. Duk da haka Katsina ba ta fita daga birni ba. Haka Birnin Lalle, kusa da Dakwaro, tsohon mazaunin sarakunan Gobir: ƙaramin wuri ne yau, amma sunan bai sauka ba. A Hausa birni muƙami ne da ake gado.

Akwai alƙarya, aro daga Larabci. A can ma'anarta ƙauye, da ta shigo Hausa sai ta hau sama ta zama babban gari mai kasuwa da baƙi ko da ba ganuwa. A ganinmu ita ce ta fi kusa da « ville » ta fuskar tattalin arziki, kuma abin takaici ne da littattafan lakwal suka yi watsi da ita. Sai bariki, daga Ingilishi, mazaunin Bature da ma'aikatansa, wadda ta kawo ma'auni na uku: inda hukuma ke zaune. Can ƙasa akwai ƙauye, tunga, ruga, da sunaye masu farawa da « Gidan », alamar cewa mutum guda ne ya sari wurin.

2. Inda ma'aunai suka saɓa

Gidan Runji na ɗauke da irin wannan suna, amma can ne perehe ke zaune, can ne cibiyar gunduma. Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir tun ƙarni na 19, na ƙarƙashinta a takarda. In an tambayi dattijo wanne ne babba cikin biyun, amsarsa ba za ta zo daidai da ta ma'aikacin hukuma ba, kuma kowannensu na da gaskiya bisa ma'auninsa.

Ko ƙidaya, da ake ɗauka ita ce mai raba gardama, ba ta raba ta ba. Wanne ne birni na biyu a Nijar bayan Yamai? A ƙidayar 2001 Damagaram na da kimanin mutum 170,000, Maraɗi 148,000. A ta 2012 Maraɗi ta kai kimanin 267,000, Damagaram kuwa lamba biyu ake ba ta: wajen 235,000 in cikin gari kaɗai aka ƙirga, fiye da 320,000 in an haɗa da ƙauyukan da ke cikin iyakar da doka ta shata mata. Saboda haka Badamagare da Bamaraɗe kowa na iya kawo takarda. Damagaram na da sarauta da tarihin zama babban birnin ƙasa har 1926. Maraɗi na da alhazai da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Dokar 2010 ta ba su duka matsayin « ville », tare da Yamai da Tawa, ba ta ce ga na gaba ba.

Yanzu mu dawo Cadawa. Garin na kan babbar hanyar kwalta tsakanin Maraɗi da Agye, daga nan ne hanyar Mayahi ta rabu. Kasuwarsa na tara hatsi, wake, gyaɗa da aya daga ƙauyuka masu yawa, ƴan kasuwar Maraɗi da na Nijeriya na zuwa saye. Bisa ma'anar da muka bayar, alƙarya ce sosai. Amma tun da aka kafa komin-komin, aka yi zaɓensu na farko a 2004, sunanta a hukumance « commune rurale », cikin gundumar Agye. Gazawa, da ke gabas, ta samu tata gunduma a 2011.

Wannan lakabi ba ado ba ne. A tsarin Nijar perehe, kotu da babbar likitar gunduma na bin cibiyar gunduma ne, sauran garuruwa kuwa ƙaramar likita suke samu, kome cikarsu ranar kasuwa. Ƙididdiga ma tana kallon mazaunin hukuma wajen ware mutanen birni da na karkara, alhali Nijeriya ta fi dogara da adadi, mutum 20,000. Ke nan gari guda na iya zama birni kudu da iyaka, ya zama karkara arewa da ita. Mai fassara da ya mayar da « rurale » ya ce « ta ƙauye » ya gaya wa Bacade abin da kunnensa ba zai karɓa ba, domin ƙauye a Hausa ba awo ba ne kawai: daga gare ta aka samu baƙauye da ƙauyanci. (Birni ma bai tsira ba: a ce da mutum ɗan birni ba yabo ba ne, ɗan bariki kuwa ya fi muni.) Muna ba da shawarar « komin ta karkara », don karkara ƙasar noma take nufi, ba ta ɗauke da raini.

3. Daɗin zama

A nan Hausa kan bar birni da alƙarya ta koma ga gari. Dubi waɗannan:

(1) Yaya garin?
(2) Gari ya yi zafi.
(3) Garin nan na karɓar baƙo.
(4) Garin ya karɓe shi.

A (1) da (2) gari ba gine-gine ba ne, halin da ake ciki ne: kuɗin tiyar hatsi, samun aiki, tsoro ko rashinsa. Kalmar ce dai ta « gari ya waye », inda take nufin sarari da yanayi. Shi ya sa daɗin gari abu ne mai sauyawa kamar damina, ana tambayarsa kowace safiya. Ba a cewa « yaya birnin? » da wannan ma'ana.

Shekarun baya sun nuna haka. A 2019 dubban mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka gudo daga ƴan bindiga suka sauka ƙauyukan gundumar Gidan Runji, wuraren da babu jerin duniya da zai ba maki ko ɗaya, don can ne ake iya kwana. A watan Agusta na shekarar Nijeriya ta rufe iyaka har Disamban 2020. A Agustan 2023 kuma aka sake rufewa, aka yanke wutar da ke shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa, wanda Maraɗi da Damagaram suka dogara da shi, har Maris na 2024. Maraɗi ba ta rage girma ba a watannin nan, amma gari ya yi zafi, kuma mai injin niƙa ko mai sayar da ƙanƙara ya fi manomin Cadawa jin zafin.

Misalai (3) da (4) sun fi ban sha'awa ga mai nazarin nahawu. Gari ne mai aikatawa, mutum ne karɓau. Awon Landan na ɗauka cewa daɗin birni ɗaya ne ga kowa, ana iya ba shi maki bisa 100. Jimla ta (4) kuwa tana buƙatar mutum takamaimai: gari na iya karɓar wa ya ƙi ƙane. Ɗan ci-rani daga Cadawa da ke zaɓe tsakanin Kano, Legas da Agadas yakan fara tambayar inda yake da mai masauki, sannan kuɗin mota, sannan ko zai iya komowa kafin shuka. Legas, wadda ke ƙasan jerin, na cika da irinsa kowace rani, a Agege da Idi Araba, inda akwai zango da sarkin Hausawa.