Maganaɗisu a Kan Hanjin da Ya Toshe

 Yau za mu leƙa ɗakin ɗaukar hoto na asibiti, mu ji yadda na'urar MRI ke taimaka wa likita idan hanji ya toshe.

Mai toshewar hanji yakan zo asibiti da ciki a kumbure, murɗa na zuwa tana lafawa, ga amai, ga bayan gida da tusa sun ɗauke. A ƙasashen Turai da Amurka, babban dalili shi ne mannewar hanji sakamakon tsohuwar tiyata. A Afirka ta Yamma kuwa, ƙabar da ta maƙale tana kan gaba, sai murɗewar babban hanji, a yara kuma hanji ya shige cikin ɗan'uwansa ko tsutsar ciki ta dunƙule.

Likitan tiyata yana son sanin inda toshewar take, da abin da ya jawo ta, sannan ko jini na isa wurin. Wannan na ƙarshe shi ke raba wanda za a sa wa ƙarin ruwa da robar hanci a jira, da wanda za a garzaya da shi tiyata cikin dare, domin hanjin da jini ya yanke masa ruɓewa yake yi cikin sa'o'i.

Na'urar CT, wadda aka fara gwadawa kan maras lafiya a Landan a 1971, ita ce ta farko da ake nema a gaggawa, saboda cikin daƙiƙoƙi take gama aiki. Sai dai da hasken eksire take amfani, kuma akwai waɗanda ake tsoron yawan haska su da shi.

A nan MRI ke shigowa. Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila sun raba kyautar Nobel ta 2003 a kan aikin da ya haifar da ita. Maganaɗisu mai ƙarfin gaske da igiyoyin rediyo take sarrafawa, ta saurari amsar da ruwan jiki ke bayarwa, ta mayar da ita hoto. Shekaru da yawa hanji ya gagare ta, don ba ya tsayawa wuri ɗaya, numfashi kuma na girgiza shi. Daga baya aka samo dabarun ɗaukar kowane yanki cikin kusan daƙiƙa ɗaya, yayin da maras lafiya ya riƙe numfashi.

Abin sha'awa, ruwan da ya taru a hanjin da ya toshe shi ne ke fitowa fari fat a hoton. Likita sai ya bi ƙaramin hanjin da faɗinsa ya wuce santimita 3, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har inda ya motse kwatsam kamar tiyon ruwa da aka taka. Nan matsalar take.

Mai juna biyu ta fi kowa cin moriya. Amai da ciwon ciki ana iya ɗora su kan laulayi, mahaifa kuma ta ture hanji daga mazauninsa, sikanin da aka saba yi wa masu ciki kuma bai cika gani ta cikin iskar hanji ba. MRI na nuna hanjin ba tare da haska ɗan tayi da eksire ba, kuma akan bar allurar gadolinium da ke ƙara fito da hoto, domin tana ratsa mabiyiya.

Sai masu cutar Crohn, kumburin hanji da kan fara tun ƙuruciya ya riƙa ƙuntata hanya, har a yi ta maimaita hoto tsawon rayuwa. Su akan ba su ruwa fiye da lita 1 su sha don hanji ya buɗe, a yi musu allurar Buscopan ta lafar da motsinsa. Binciken METRIC da aka buga a Birtaniya a 2018, kan mutum 284, ya nuna MRI na gano cutar a ƙaramin hanji kashi 97 cikin 100.

Amma tana da iyaka. Mutum zai kwanta cikin ramin na'urar wajen minti 30, ga ƙara mai cika kunne, abin da ke wahalar da mai amai. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ko ɓarɓashin ƙarfe a jiki sai an tantance shi tukuna. Ga tsada, ga buƙatar wutar lantarki ba yankewa, shi ya sa a yankinmu sai a manyan birane ake samunta, yawancin asibitoci kuma hannun likita da eksire da sikanin suke dogaro da su.

Don haka wanda cikinsa ya kumbura, amai ya ƙi tsayawa, tusa ta ɗauke, a daina ba shi abinci da jiƙo da maganin wankin ciki, a kai shi asibitin da ke da ɗakin tiyata.