Faɗakarwa Game da Tocilar Leza a Hannun Yara

Abin da ya tilasta mini ɗaukar alƙalami shi ne wata al'ada da ta yaɗu cikin yaranmu, musamman a kwanakin Sallah, inda za ka iske yaro ya kashe kuɗin barka da sallarsa a kan 'yar tocilar nan ta leza, mai fitar da ɗigon haske ja ko kore, yana dalla ta cikin idon ƙaninsa, alhali manya suna zaune a ƙofar gida suna dariya. In ka yi magana sai a ce maka, "Haba Malam, ai wasa ne, ga shi ko kuka bai yi ba."

To, wannan hujja ta rashin kuka ita ce asalin musibar, domin kuwa tantanin nan da ke can ƙuryar ido, wanda surar duk abin da muke gani take sauka a kansa, Allah cikin hikimarsa bai halicce shi da jijiyar jin zafi ba, saboda haka yana iya ƙonewa mai shi yana tsalle yana murna. Shi ido kuwa aikinsa tattara haske ne, kamar yadda gilashin ƙara girman rubutu yake tattara hasken rana har ya ƙona takarda, kuma wurin da yake tattara shi ɗin shi ne tsakiyar tantanin, wanda da shi ake karatu, da shi ake gane fuska. Idan tabo ya zauna a nan, babu tabarau da zai kankare shi. Abin da ya ƙara ɓoye illar shi ne, ido mai lafiya yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, sai a yi watanni ba a farga ba, har ran da malami zai ga yaro yana karkata kai a kan allo, yana cewa baƙaƙen sun karkace ko wani duhu ya zauna a tsakiyarsu, a yi masa bulala a kan lalaci.

Hukumomin Ingila sun ba da shawarar kada ƙarfin tocilar da ke hannun jama'a ya wuce miliwat 1, na Amurka sun tsaya a kan 5, amma rubutun da ke jikin irin waɗannan na araha ba abin dogara ba ne, kuma wasu masu koren haske suna fitar da wani hasken da ido ba ya gani. Ƙiftawa takan kare mutum daga tocila mai ƙaramin ƙarfi, sai dai yaron da ke gasar ƙura ido da abokansa ya riga ya hana kansa ƙiftawar. Haka kallon wutar walda yake cutarwa, haka kuma ƙura wa rana ido lokacin husufi, irin wanda aka yi ranar 29 ga Maris, 2006.

Malaman fiƙihu sun ajiye wa idanu biyu diyyar rai sukutum, to ina dalilin da uba zai sayi abin ɓata su da kuɗinsa? Wajibi ne a karɓe wannan tocila, a cire batirinta, kada a bar ta ko da sharaɗin ba za a haska fuska ba, domin madubi yana komo da hasken. Idan an riga an haska yaro, a rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, a sa ya karanta rubutu ko ya dubi gefen ƙofa, sa'an nan a gwada ɗayan. In ya ce layi ya lanƙwashe ko ya ga duhu, kada a ɗiga masa ruwan nono ko na albasa, kada a sa kwalli, domin ciwon yana can ciki inda ɗigo ba ya kaiwa. A kai shi ga likitan ido ba tare da jinkiri ba, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, a kuma tafi da tocilar don likita ya ga irinta.