Sabon Wuse: Darasin adashi ga masu son rage ƙiba

Ma'aikacin Abuja mazaunin Sabon Wuse, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Tafa, yakan fita da asuba, ya yini a zaune, ya dawo bayan magariba. Tumbi na ƙaruwa, hawan jini na laɓe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Fara tattaki ba wuya, ɗorewa ce aiki, musamman idan nauyi ya ƙi sauka da wuri.

A nan tsarin adashi ke da amfani: a tsayar da rana, a rubuta masu zuwa, a bi sawun wanda ya yi fashi. Mutum kan saɓa wa kansa alkawari, amma yana jin nauyin maƙwabcin da ke jiransa a ƙofar masallaci.